Kai marasa lafiya asibiti da motarka a Kaduna: tambayoyin da aka fi yi min

Shekara ta huɗu ke nan ina wannan aikin a gefe, wato in ɗauki mara lafiya daga gida ranar ganin likitansa, in kai shi, in jira shi, in dawo da shi. Ainihin sana'ata shago ne, ƙanena ke zama min da safe ni kuma in karɓe shi bayan azahar. Tun da mai ya yi tsada masu mota ke tare ni, a masallaci, a wajen bakanike, a majalisa, kowa na so ya ji yadda abin yake, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in zauna in tattara su wuri guda.

Wai meye bambancinsa da tasi ko ɗaukar shata?

Bambancin jira ne. Mai tasi ya sauke ka ya karɓi kuɗinsa ya wuce, kai kuwa sauke mutum a get shi ne farkon aikin, don kai za ka nemo keken da za a tura shi, kai za ka san inda ake ciro kati da inda ake biyan kuɗi da inda ake ɗibar jini, sannan ka koma mota ka zauna awa uku awa huɗu wani lokaci har la'asar. Tuƙin kansa in ka haɗa zuwa da dawowa a cikin gari da wuya ya wuce awa ɗaya da rabi. Duk wanda zai shigo ya fara tambayar kansa ko zai iya zaman jira ba tare da ya ɓata rai ba, don mara lafiya yana karanta fuskar direba fiye da yadda kake zato, in ya ga kana duba agogo sai ya ji ya zame maka kaya.

Kuma ba motar asibiti ba ce. Mu masu kai mutum ne ranar da aka rubuta masa ya dawo, ba masu ɗaukar wanda ke tsakanin rai da mutuwa ba. Duba amsar waɗanda bai kamata ka ɗauka ba a ƙasa.

Su waye ke buƙatar irin wannan direban?

Waɗanda zuwa asibiti ya zame musu jiki. Masu wankin ƙoda su ne kan gaba, sai masu shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa gashin ƙashi, sai tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga da ake ba su ranar dawowa, masu aikin yanar ido da za su koma a duba su, masu sikila, mai ciki da ta yi nauyi tana zuwa awo, wanda ya karye aka sa masa ƙarfe ba zai iya lanƙwasa ƙafa a Keke Napep ba, da masu ciwon daji da ake turawa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya. Yawanci ba mara lafiyan ne ke kiranka ba, ɗansa ne da ke aiki a Abuja ko Legas ko ma wajen ƙasa, ko 'yarsa da ke gidan miji ba ta da halin fita kullum, su abin da suke nema mutumin da za su ba amanar iyayensu su kwanta hankali kwance.

Wace irin mota ce ta dace?

Ba sai babba ba kuma ba sai sabuwa ba. Abin da ake so ƙofar baya ta buɗe sosai, kujera kar ta yi ƙasa da yawa kar kuma ta yi tudu, but ya ɗauki keken mara lafiya in an naɗe shi. Sienna da Sharon sun fi daɗi saboda fili, musamman Sienna mai ƙofar da ake ja gefe, amma suna shan mai, Corolla ko Golf wagon ma suna yi sarai. Jif mai tudu wahala ce ga tsoho. Esi in yana aiki alheri ne a watan Maris da Afrilu, amma ka riƙa tambaya kafin ka kunna, mai sikila sanyi na iya tayar masa da ciwo, wasu tsofaffin ma ba sa so sam.

Birki, taya, batir da shokozoba, waɗannan huɗun kar ka yi wasa da su. Motar da sai an tura take tashi ba ta wannan aikin ba ce. A but kuma kullum akwai ledar shimfiɗa, ƙaramin bokiti mai murfi, ledoji, tsumma mai tsafta, safar hannu, ruwa, filo ɗaya da lema.

Waɗanne takardu nake buƙata?

Lasisin tuƙi mai rai, takardun mota cikakku, da inshora. Inshorar nan ta dole da ake cewa ta ɓangare na uku, tun Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, kuma daga Fabrairun 2025 'yan sanda suka sanar da fara matsawa a kanta. Ka saya a kamfanin inshora na gaskiya, kar ka karɓi takardar da wani ya buga maka a bakin ofis, sannan ka sani ita ba motarka take karewa ba, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Tunda kuɗi kake karɓa kana ɗaukar mutane, ka gaya wa kamfanin inshorar gaskiyar abin da kake yi da motar su faɗa maka wacce ta dace, don ta motar gida daban ta haya daban.

'Yan KASTLEA, wato masu kula da dokar hanya na jihar Kaduna, da 'yan Road Safety za su tsayar da kai kamar kowa. Mara lafiya a mota ba lasisin bin hannun da ba naka ba ne ko tsallake danja, kuma ba abin da ya fi ciwo irin a riƙe ka rabin awa a kan takardar da ta mutu alhali dattijo na baya yana nishi layinsa na wucewa.

Ina da wani aikin, zai yiwu in haɗa?

Ya danganta da safiyarka. Harkar asibiti ta safe ce, Litinin zuwa Juma'a, to in safiyarka ba taka ba ce gaskiya zai yi wuya. Ya fi dacewa da mai shago da ke da yaro, ɗan fansho mai sauran ƙarfi, malamin Islamiyyar yamma, ko mai aikin dare wanda ya samu barci, na ce wanda ya samu barci fa, kar ka sauka daga aikin kwana ka ɗauki mutum zuwa Zariya. Mai cikakken aikin gwamnati ya yi hattara, dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999 ta hana shi gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma.

Ka fara da mutum ɗaya ko biyu masu ranaku tsayayyu. Ni da mutum ɗaya na fara, maƙwabcinmu, Talata da Juma'a.

A ina zan samu masu hawa?

Daga unguwarku. Ka gaya wa limaminku, ka gaya wa mai kemis ɗin layinku don shi ya san duk gidan da ke da mai jinya, matarka ta faɗa a Islamiyya da gidan biki, ka sa a gurup ɗin unguwa na WhatsApp. Bayan nan aikin ne ke tallan kansa, don masu jinya suna zaune a benci ɗaya na awanni suna hira, in ɗaya ta ce direbanmu ba ya latti kuma shi ke ɗaga Baba da kansa, kafin sati ka ji baƙuwar lamba ta kira ka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsayawa a get ana farautar marasa lafiya, ko ba wani ma'aikaci na goro don ya riƙa turo maka mutane. Yana zubar da mutunci kuma zai haɗa ka rigima da masu tashar wajen.

Yaya ake yanke kuɗi?

Ba zan rubuta adadi ba don tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai farashi bai zauna wuri ɗaya ba, abin da na rubuta yau wata mai zuwa ya zama tsohon zance. Amma ga yadda nake lissafi. Na farko mai, daga ƙofar gidana zuwa gidansu, zuwa asibiti, dawowa gidansu, sannan komawa gidana, mutane da yawa suna manta na farkon da na ƙarshen sai su ga suna aiki ba sa ganin komai. Na biyu rabon mota, wani abu da kake cirewa a kowace tafiya ka ajiye don bakin mai, taya da bakanike, kar ka taɓa shi. Na uku lokacinka, kuma shi ne wanda sababbi ke jin kunyar sakawa alhali shi ne ainihin abin da kake sayarwa.

Ni iri biyu nake yi. Akwai kai da ɗauko, in sauke su in tafi in dawo lokacin da aka yi alkawari, wannan ga wanda aka san lokacin gamawarsa ne kawai. Akwai kuma na jira, kuɗinsa ya ƙunshi awa huɗu, in an wuce akwai ɗan ƙari a kan kowace awa. Kuɗin fakin ko na get in akwai, nasu ne, ka faɗa tun farko. Duk wannan a gama shi a waya tun daren jiya da wanda zai biya, ka tura masa a rubuce, kar a zo ana ciniki a gaban mara lafiya, wallahi yana karya musu zuciya su ji ana jayayya a kan kuɗin ɗawainiyarsu. Masu zuwa kullum ina musu ragi su biya na sati ko na wata ta tiransifa. Maganar wanda ya kasa biya tana can ƙasa.

In na sauke su, zan iya zagawa in yi wani ɗan aikin kafin su gama?

In an biya ka kuɗin jira, a'a. Ni na taɓa yi kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi. Wata dattijuwa ce na kai duba ido tare da jikarta 'yar shekara goma sha biyu, na ga layi ya yi tsawo na ce bari in kai wani kaya Kakuri in dawo, ashe likita zai gan su da wuri, ni kuma a dawowa na faɗa cunkoso a gada ba gaba ba baya. Da na iso na same su a bakin get cikin rana, an ɗiga mata maganin nan da ke buɗe ƙwayar ido haske na damunta, ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, yarinyar na riƙe da hannunta da ledar magani tana ta leƙen kowace mota. Fiye da awa ɗaya suna wajen. Ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi sannu ɗan nan, ka sha hanya. Na ce Inna ku yafe ni, na mayar da kuɗin jiran, daga ranar ban sake ba.

In kai da ɗauko kuka yi, kamar mai wankin ƙoda da ka san zai yi wajen awa huɗu, kana iya zagawa amma kar ka tsallaka kogi, ka tsaya ɓangaren da asibitin yake, wayarka a kunne da caji.

Ƙarfe nawa ya kamata in fita?

Da an sallame asuba. A asibitocin gwamnati wanda ya riga ajiye kati shi ke riga ganin likita, bambancin isa bakwai saura da isa takwas da rabi zai iya zama bambancin dawowa gida kafin azahar da dawowa bayan la'asar. Kuma ka ƙara minti ashirin na fito da mara lafiya daga ɗaki, ba a yi wa tsoho gaggawa.

Ka san garin ta fuskar asibitoci. Barau Dikko na tsakiyar gari, asibitin ido na ƙasa na Mando ta bayan gari, na kunne na wajen filin golf, Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada, Gwamna Awan da St. Gerard suna Kakuri, na ƙwaƙwalwa na Barnawa, ga kuma 44 na sojoji inda za ka yi haƙuri da binciken get ka riƙe katin shaidarka. Wanda ke Rigasa ko Kawo zai je Barnawa ko Kakuri sai ya tsallaka kogin Kaduna, to gada ita ce lissafinka safe da yamma. Ranar Juma'a ka tuna ana tare wasu tituna lokacin masallaci. Da damina wasu lungunan mota ba ta shiga, ka tambaya tun dare. In kuma ka ji ana maganar yajin aikin likitoci ko na ma'aikatan lafiya, a kira a tabbatar za a ga mutane kafin ka wahalar da mara lafiya a banza.

Tafiyar Shika fa?

Wannan yini guda ne, ka lissafa shi a haka. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, asibitin koyarwa na ABU kuma yana gaba da Samaru a hanyar Funtuwa, zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari ka sa kusan kilomita 200 a lissafin mai. Ka sha mai tun jiya, ka duba taya da safaya, ku yi niyyar kamo hanyar gida da sauran rana. Wanda aka yi wa ƙarin ruwan maganin daji sau da yawa amai da kasala ke damunsa a dawowa, bokitin nan ya kasance kusa da hannun mai jinya ba a but ba, kar ka fesa turare mai ƙarfi a motar, in ya ce a tsaya ka nemi wuri mai jama'a ka tsaya. Ku yi magana tun farko a kan abin da za a yi in aka ba shi gado, za ka dawo kai kaɗai ne ko da mai jinya, kuma kuɗin dawowar yana nan.

Yaya zan shigar da wanda ba ya iya tafiya ba tare da na ji masa ciwo ba?

Ka matso da mota iya matsowa, ka buɗe ƙofa gaba ɗaya, ka tura kujerar gaba don a samu fili. In a keke yake ka danne birkin keken tukuna. Ya juya wa kujerar mota baya ya fara zama, hannunka ɗaya na kare kansa daga bakin ƙofa, sannan a ɗaga ƙafafun a juyo da su ciki, fita kuma ƙafafu ne farko. Mai shanyewar ɓarin jiki kar ka kuskura ka ja shi ta hannun da ya mutu ko ka ɗaga shi ta hammata, kafaɗar nan ba ta da ƙarfin riƙe kanta tana iya gocewa, ta ƙugu ake riƙewa, a tallafe hannun da filo in ya zauna. Kai ma ka durƙusa da gwiwa bayanka a miƙe, in ba haka ba wata uku kai ma sai an kai ka gashi. In mutum ya fi ƙarfinka ka nemi na biyu, ba abin kunya ba ne.

Akwai wani Baba da nake ɗauka a wani lungu da mota ba ta shiga in an yi ruwa. A kujerar roba muke zaunar da shi, ni da ɗansa kowa ya kama gefe, mu bi gefen kwata a hankali muna taka bulon da aka jera, matarsa na biye da takalmansa da fayil a cikin leda, shi kuma yana riƙe da hularsa da hannun mai lafiyan. Kafin in taɓa shi kullum sai na ce Baba za mu ɗaga ku, kun shirya? Sai ya gyaɗa kai. Wannan tambayar kar ka bar ta ko da mutum ba ya iya magana, yana ji. Bel kuma kowa ya sa, mai ciki a bi da na ƙasan ta ƙarƙashin cikin ba ta kansa ba.

Me ya kamata in sani game da masu wankin ƙoda?

Su ne za ka fi daɗewa da su, sau biyu ko uku a sati in da hali, kowane zama wajen awa huɗu, ko da yake tsada na sa da yawa su rage. Suna fitowa a gajiye, wani jiri na ɗibarsa don jini na iya sauka bayan wankin, to kar ka bar shi ya taka zuwa mota shi kaɗai kuma kar ka cika shi da surutu. Wanda aka yi wa hanyar wanki a hannu, wannan hannun ba a kama shi ba a ɗora masa kaya, wanda kuma bututu ne a wuya ko ƙirji ka lura kar bel ya danne wajen. In wajen allurar ya ɓalle da jini a hanya a danne da tsumma mai tsafta da ƙarfi kar a saki, ka juya asibiti. Kuma kar ka yi musu karamcin ruwa ko lemo ko ayaba, an ƙayyade musu abin da za su sha da abin da za su ci. Fashin zama ɗaya haɗari ne gare su, saboda haka in motarka ta lalace kai za ka nemo wanda zai maye gurbinka tun dare, ka samu abokin aiki ɗaya amintacce saboda irin wannan ranar.

In jikin mutum ya rikice a hanya fa?

Ka gangara gefe ka tsaya, ka duba, sannan ka nufi asibiti mafi kusa ɓangaren gaggawa, ba lallai wanda kuka nufa ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta Road Safety 122. Mai ciwon suga da ya fito ba karyawa saboda gwajin jini, in ka ga gumi na karyo masa, jiki na rawa, magana na harɗewa, mai yiwuwa suga ne ya faɗi, in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi, in ya suma kar a ɗura masa komai. Mai farfaɗiya a kare kansa kar ya bugu, kar a danne shi, kar a cusa masa cokali ko yatsa a baki, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta kai minti biyar ba ta tsaya ba asibiti kai tsaye. Baki ya karkace, hannu ya saki, ko ciwon ƙirji mai tsanani, ba a jiran a ga abin da hali zai yi.

Iyakarka ke nan. Kai direba ne, kar ka ba kowa magani daga aljihunka, kar ka ce wane ya sha sassaƙe kaza ya warke, kar ka fassara wa mutane sakamakon gwaji. In ka samu dama ka yi horon taimakon farko, Red Cross na bayarwa, ƙungiyoyin agaji na addini ma suna koyar da 'ya'yansu.

Akwai wanda bai kamata in ɗauka ba?

Akwai. Wanda ke kan iskar oksijin, wanda ba ya cikin hayyacinsa, wanda ake zargin ya karye a wuya ko gadon baya, wanda dole sai a kwance, waɗannan na motar asibiti ne mai ma'aikaci a ciki. Mai zazzaɓi mai zafi da jini ke fita masa ta hanci ko baki a kira ma'aikatan lafiya, zazzaɓin Lassa ba abin wasa ba ne. Mai taɓin hankali da jikinsa ya tashi sai da 'yan'uwansa maza biyu a gefensa da makullin yara a ƙofa. Yaro ƙarami ba babba, a'a. In dai tsakar dare ne maƙwabciya na naƙuda ba wata mota, wannan ba maganar sana'a ba ce, taimako ne, ka tashi ka kai ta.

Ba na tsoron kwaso cuta in kai wa iyalina?

Yawancin waɗanda za ka ɗauka ciwonsu ba a ɗauka, ƙoda, hawan jini, suga, daji, sikila, shanyewar jiki duk ba sa yaɗuwa, ƙanjamau ma ba a ɗaukarsa ta zama a mota ɗaya ko gaisawa. Mai tari ne za ka sauke gilasai ka kashe esi ku sa takunkumi, don tibi, wato tarin fuka, ta iska yake bi. Jini ko amai ko fitsari, safar hannu tukuna, a goge da ruwan Hypo ko Jik da aka sirka, a bar mota ta sha iska. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga gida. In wani ya yi ɓari a kujera kar ka nuna ƙyama a fuska, kunyar da yake ji ta ishe shi, ka ce ba komai Baba, ruwa ne zai wanke.

Mace ce mara lafiyar kuma ita kaɗai, yaya zan yi? Mata na iya wannan aikin?

Ni sharaɗina a zo da ɗan rakiya, ko da babba namiji ne ma na fi son haka, balle mace. Kariya ce gare ta, kariya ce gare ka daga zargi, kuma in ana buƙatar riƙewa ko gyara zani 'yar'uwarta mace ce za ta yi. Ɗan rakiyan ne ke shiga wajen likita, kai ba ka shiga sai in su suka roƙa.

Mata kam suna iyawa, har ma ana nemansu. Magidanta da yawa sun tambaye ni ko na san mace mai mota da za ta riƙa kai iyalinsu awo ko kai mahaifiyarsu gashi. 'Yar'uwa in kina da mota da lasisi kuma gida sun amince, ki fara da matan unguwarku, ki tsaya a tafiyar rana ta cikin gari, ki bar ɗaga mai nauyi ga 'yan gidan.

In aka tambaye ni me ke damun wane?

Ka ce jiki ne, da sauƙi, Allah ya ƙara afuwa, shi ke nan. A motar nan za ka ji abin da 'yan uwa na jini ba su ji ba, za ka san wanda ke karɓar magani a ɓoye, wanda ke zuwa Barnawa ba ya so a sani, matar da ke neman haihuwa, gidan da aka sayar da fili saboda jinya. Ko matarka kar ka ba labari. Wani zai ce ka sauke shi nesa da ƙofar asibiti ko ka ɗauke shi a bakin titi maimakon ƙofar gida, ka yi yadda ya ce kar ka tambayi dalili. Hoto kuma ko na neman taimako ne ba a ɗauka sai da izininsa.

Wanda ya kasa biya fa?

Za ka haɗu da su, don doguwar jinya tana cinye gida. Na sha ganin uwargida ta kwance bakin zani tana ƙirga canji a bayan mota bayan an gama biyan wanki, ka san abin da ya rage bai kai ba. Abin da nake yi, na ware tafiya ɗaya a sati da nake yi a kuɗin mai kawai ko kyauta, na san ta Allah ce ba na sa ta a lissafi, sauran kuma sana'a ce. In ka ce kowa za ka yi wa kyauta wata biyu motar za ta tsaya ba kuɗin gyara, su kansu su rasa mai kai su. Bashi kar ya wuce tafiya biyu ba ka yi magana ba, kuma da mai biyan za ka yi, a waya, cikin mutunci, ba da mara lafiya ba. Wani lokaci mafita ita ce haɗa mutum biyu 'yan unguwa ɗaya masu rana ɗaya su raba kuɗin, in duk sun yarda, ka tuna maganar sirri da ke sama.

In wanda nake kaiwa ya rasu?

Zai faru, musamman in kana tare da masu ƙoda da masu daji. In a hanya ne ka ga kamar rai ya yi halinsa, kar ka juya gida, ka ƙarasa asibiti likita ne zai tabbatar, kuma shi ya sa nake nacewa a kan ɗan rakiya. Ɗauko gawa daga asibiti ba dole ba ne a kanka, in ba za ka iya ba ka faɗa da girmamawa ka taimaka a samo motar masallaci ko ta 'yan agaji.

Baban nan na kujerar roba wata goma sha ɗaya muka yi tare. Wata Talata da asuba na fito ina dumama mota sai ga kiran ɗansa, na ɗauka zai ce in yi sauri ne. Na kashe motar na tafi da ƙafa, aka yi jana'iza da ni ƙarfe tara, na zauna zaman makoki kwana uku kamar ɗan gida. Akwai sauran kuɗin tafiya biyu da suka biya na sati, na sa a ambulan na ba ɗan, filon da ake tallafe masa hannu da shi kuma na wanke na kai wa matarsa.